A koya wa ɗaliban lauya rubutu tun daga jami'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga malaman da ke koyar da aikin lauya a jami'o'inmu.

Ni lauya ne a Kano, kuma ana turo mana ɗalibai ofis don sanin makamar aiki. Wajen haddar sassan doka kam, tubarkalla. Amma ka ce yaro ya rubuta takardar rantsuwa ko wasiƙar neman biyan bashi, nan take ido zai raina fata. Kwanaki wata ɗaliba, mai ƙoƙari ce kuwa, ta kawo mini hujja daga tsohuwar dokar shaida, alhali an soke ta tun 2011. A intanet ta kwaso. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake gane ko doka tana aiki har yanzu.

Shekara biyar ake yi a jami'a, ɗaya tak a makarantar horar da lauyoyi, to don me za a bar wannan aiki sai can? Tun aji biyu a kai su laburare, a buɗe musu kundin NWLR, wanda ke tattara hukunce-hukuncen manyan kotunan Najeriya, kowa ya karanta hukunci guda har ƙarshe, ya taƙaita shi a shafi ɗaya, malami ya bi da jan biro.

Daga wani lauya, Kano