Auta, Kar Ka Bi Ta Sahara

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, Baba da Inna ma suna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma nan Riyad lafiya lau, sai aiki da rana.

Inna ta faɗa mini a waya cewa kai da abokanka kun soma zancen bin hanyar Agadas zuwa Libiya. Tun da na ji, barci ya ƙaurace mini.

Auta, Sahara ta wuce yadda kake ganinta a taswira. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 9, wato sai ka jera Najeriya kusan sau goma kafin ka cike ta. Ta taso daga bakin Tekun Atlantika, ba ta tsaya ba sai Bahar Maliya. Yankin Tenere, wanda masu zuwa garin Dirku a hanyar Libiya ke ratsawa, fili ne fetal, har ta kai itaciya guda ɗaya tak da ke tsaye a can sai da aka sa ta a taswira, kafin mota ta buge ta a 1973.

Hamadar Larabawa da nake tuƙa babbar mota a cikinta murabba'in kilomita miliyan 2.3 ce, kwatan Sahara ke nan. Ina kan kwalta, da ruwa a jarka, da waya a hannu, amma in guguwar yashi ta taso, ko hancin motar ba na gani. Sai in gangara gefe, in rufe gilashi, in yi ta salati. Bayan ta lafa za ka tarar rairayi ya kwanta a kan titi, ya shafe farin layin. Da azahar kuwa ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Kudu da mu akwai Rub'ul Khali, tsabar yashi na murabba'in kilomita wajen 650,000, tsofaffin direbobi ma ba sa wasa da ita.

Kai ɗan makaranta ne, na san za ka ce ai Sahara ba ita ce hamada ta ɗaya a girma ba. Gaskiyarka. Masana da ƙarancin ruwan sama suke auna hamada, duk inda bai kai milimita 250 a shekara ba. Don haka Antatika ta can ƙarshen kudancin duniya, mai murabba'in kilomita miliyan 14 na ƙanƙara, ita ce kan gaba, sai Aktik ta ƙarshen arewa, sannan Sahara.  In an haɗa hamadun duniya duka, wajen kashi ɗaya cikin uku na doron ƙasa hamada ce.

Amma ba wanda ake lodawa a bayan Hilux zuwa Antatika. Sahara ce ke cinye mana mutane. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Allah ya jiƙansu.

Don girman Allah ka dakata. Ka fara neman fasfo, ni kuma ina nan ina cigiyar aiki mai takarda. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka kasance kusa da Baba mu yi maganar mu uku. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta kwantar da hankalinta.

Naka,
Yaya