Amsa ga Malam da ya tambaye ni kan sigari da ɗansa mai asma

Assalamu alaikum Malam,

Ranar Asabar a taron iyayen yara na Islamiyyarmu ta Tudun Wada ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni, ka ce kai dai kana shan sigari ba ka ɓoye ba, amma a bakin taga kake sha ko a zaure, to wai da gaske ne hayaƙin zai iya lalata ƙwayoyin halittar ɗanka mai asma, abin nan da ake ce wa DNA, ko dai mu ma'aikatan jinya tsorata mutane kawai muke yi? Kafin in amsa da kyau aka kira la'asar, shi ya sa na zauna na rubuto. Kuma wallahi na ga girmanka, ba kowane magidanci zai faɗi haka a bainar jama'a ba.

Da gaske ne Malam. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 a ciki an tabbatar suna jawo kansa, kuma wanda ke tashi daga bakin karan ko filta bai bi ba, shi yaron ke zuƙa. Wasu sinadaran in sun shiga jiki sai su manne wa DNA ɗin, wasu su tsittsinka shi, kamar dai yadda tsatsa ke cin kwanon rufi a hankali ba ka sani ba sai damina ta zo. Jiki na gyarawa kam, kullum cikin ɗinki yake, amma shi mai asma dama hanyoyin numfashinsa a kumbure suke, kumburin nan shi kansa yana fitar da abubuwan da ke cin ƙwayoyin jiki, sai kuma ga hayaƙi ya zo ya ƙara, aiki ya yi wa mai ɗinki yawa. Masu bincike suna ganin alamar ɓarnar a jini da fitsari, har kotinin, wato abin da nikotin ke komawa a jiki, ana samunsa a fitsarin yaran da ko kara ɗaya ba su taɓa riƙewa ba. Ban ce ɗanka zai kamu da kansa ba fa, Allah ya tsare, cewa nake ana yi masa ɓarnar da ido baya gani.

Wadda ido ke gani kuwa na sha ganinta. Hunturun da ya wuce ina dutin dare aka shigo da wani yaro wajen ƙarfe 2, haƙarƙarinsa na lotsawa duk numfashi, ƙirjin na fito kamar usur, uwar na riƙe da inhelar Ventolin, wato maganin shaƙa mai buɗe numfashi, da ya ƙare tana ta girgizawa ko wani abu zai fito. Ina cire masa rigar sanyi warin sigari ya buge ni. Uban na bakin ƙofa yana ta safa da marwa, ka ganshi ka san yana son ɗansa, shi ma ce min ya yi ai a waje yake sha.

To batun taga dan Allah ka cire shi a lissafi, iska na mayar da hayaƙin ɗaki, sauran kuma ya kwanta a kaftaninka da hula da labule da katifa, yaro ya rugo ya rungume ka ya tusa hanci a rigar. Gashi yara sun fi mu saurin numfashi. Wani abin takaicin ma hayaƙin na rage ƙarfin inhelar rigakafi, wadda ake shaƙa kullum, kana kashe kuɗi a kemis magani na aiki rabi-rabi. Dokar taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma cikin gidanka kai ne hukuma.

In ba za ka iya bari yau ba, to kar a ƙara kunnawa ko a zaure ko a mota, ka yi nisa da gida, ka canja riga ka wanke hannu kafin ka ɗauke shi. Samarin gidan masu shisha su ma haka. Maman yaron kuma a rage turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da yake kwana, gidan sauro ya fi.

Ka kawo min shi ranar Litinin da safe da inhelolinsa duka in ga yadda yake shaƙa, in mun gama da shi sai mu zauna kan maganar barin sigarin.

Wassalam,
Ƙanwarka, ma'aikaciyar jinya a Zariya