Masu zuwa dashen haƙori, ku tambayi girman sukurun

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana na zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sawaba, a kan dashen haƙori da ya fara shiga gari. Da can wanda haƙorinsa ya fita sai dai ya sa na roba ko ya haƙura da giɓinsa, yanzu kuwa har Turkiyya wasu ke tafiya, amma kowa kuɗi kawai yake tambaya, sidi nawa ne, ba mai tambayar girman sukurun da za a ɗaura masa a muƙamuƙi, alhali nan maganar take.

Shi dashen nan sukuru ne na ƙarfen taitaniyom, ana ɗaura shi cikin ƙashi a bar shi wata 3 zuwa 6 ƙashin ya kama shi, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya fara sa wa mutum a 1965, don haka ba sabon abu ba ne, mu ne dai ya iso mana a makare.

Kaurin da aka fi sawa wajen milimita 4 ne, tsawo kuma 10 zuwa 13. Akwai siriri, ƙasa da 3.5, akwai mai kauri daga 5 zuwa sama. Toh siririn nan yana da kyau a haƙoran gaba na ƙasa inda wuri ya matse, amma a sa wa mutum shi a turmin haƙori, mutumin da safe goro, rana ganda a kan wake da shinkafa, dare cicinga har da ƙashi, wallahi ana neman karyewa ne, kuma cire karyayyen sukuru ba ƙaramin aiki ba ne. Nauyin tauna yawanci a wuyan sukurun yake sauka, can sama inda ya shiga ƙashi, shi ya sa kauri ya fi tsawo rage wa ƙashin wahala.

Amma fa kar wani ya ji haka ya je ya ce a sa masa mafi girma tunda kuɗinsa ne. In sukuru ya cika ƙashin har bangon ya zama siriri, ƙashin zai janye, dasashi ya bi shi, ƙarfe ya fito fili. Dole a bar kamar milimita 1.5 tsakaninsa da haƙorin kusa, 3 tsakanin sukuru biyu. Tsawo ma haka, a muƙamuƙin ƙasa akwai jijiya da ake barin wajen milimita 2 kafin a kai gare ta, in aka taɓa ta leɓe yana iya mutuwa, a sama kuma akwai kogon iska na gefen hanci. Shi ya sa yanzu ake da gajeru, milimita 6 zuwa 8, kuma suna daɗewa in an zaɓe su daidai.

Kenan ƙashinka ne ke zaɓa, kuma ƙashin nan raguwa yake bayan an cire haƙori, musamman watannin farko, mu kuma sai mu shekara biyar da giɓi sannan mu taso. A lokacin sai an yi cikon ƙashi, wani kuɗin daban, ga shi NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, cirewa take biya, ba dashe ba.

Duk likitan da zai fara huda maka ƙashi bai yi sikanin, wato hoton ƙashin, ya auna ba, tashi ka ɗauki takalminka. Ka nemi a rubuta maka kauri da tsawo da sunan kamfanin sukurun, musamman masu yi a waje, don in ya samu matsala a Kumasi za a gyara. Mai shan taba da mai ciwon suga da bai daidaita ba, girma kaɗai ba zai cece su ba.

Malam Edita, da za ku samo likitan haƙori daga asibitin Komfo Anokye ya yi mana bayani da Hausa a wannan shafi, da kun kyauta.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi