Barka da Sallah daga Gran-Basam

Assalamu alaikum. Inna da Baba, ina gaishe ku gaisuwar Sallar layya, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. A gaishe da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da duk mutanen unguwa. Mu nan lafiya lau muke, sai ruwa, don Sallar bana cikin tsakiyar daminar Kurmi ta same mu.

Yaya ya ce Auta ya matsa shi ma sai ya zo biɗa Kwadibuwa, wai sana'ar sayar da abincin nan da ake kira garba zai yi. Ban hana ba, amma bari in faɗa muku yadda harkar abinci take a garin nan, ku karanta masa.

Basam ƙaramin gari ne, tsakaninsa da Abijan wajen kilomita 40. Nan Faransawa suka fara kafa babban birninsu a 1893, sai zazzaɓin shawara ya kore su a 1899. Tsofaffin gidajensu suna nan a unguwar Faransa, tsakanin teku da tafkin da ake kira lagun, kuma tun 2012 da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya baƙi suka ƙaru. Shi ya sa gidajen abincin bakin teku suke da tsada: na mutanen Abijan ne masu zuwa shan iska Asabar da Lahadi. Daga Litinin zuwa Alhamis kujeru kawai za ka gani. Cinikin yau da kullum yana ƙetaren gada, wajen unguwar Amperiyal, inda kasuwa da tashar mota suke. Wanda zai kafa tebur can ya dace da shi, kusa da makaranta ko gareji ko inda ake gini.

Garba acake ne da soyayyen kifin ton, wani babban kifin teku, kuma ƴan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Shi acaken abincin rogo ne, mata ke yinsa. A fere rogo, a wanke, a niƙa shi tare da ɗan dafaffen rogon da aka ajiye kwana 2 ko 3 ya yi tsami, a zuba manja kaɗan, a bar ƙullin ya kwana. Da safe a matse ruwan cikin buhu, a tankaɗe, a murza shi cikin kwano ya zama ƙwaya-ƙwaya, a shanya kaɗan, a bakace, sannan a turara kamar dambu. Mai garba ba ya wannan aikin, saro yake yi, don haka abin da zai koya shi ne gane mai kyau. Ya damƙa, ya saki: in ya warware to, in ya dunƙule ruwa ya yi masa yawa. In tsaminsa na bugun hanci, ya kwana biyu. Mai manyan ƙwaya, abojama, ya fi tsada, na gidajen abinci ne. Na garba ƙanana ne, da ɗan zare-zaren rogo a ciki, kuma shi ya fi arha.

Kifin ne ke karya sabon shiga. Ba a Basam ake kama ton ba, daga tashar jiragen ruwa ta Abijan yake zuwa. Manyan jirage cikin ruwan gishiri mai sanyi suke daskarar da shi, wanda kamfanonin gwangwani ba su ɗauka ba shi ke shigowa kasuwa. Saboda haka gishiri ya riga ya kama naman. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kaurin yatsu biyu, a wanke sau 2 ko 3, a tsane shi sosai, kada a ƙara gishiri ko kaɗan. A birkita cikin fulawa, a kakkaɓe, sannan a saka cikin mai da ya yi zafi. In man bai yi zafi ba kifin ya sha mai ya yi laushi. In fulawar ta yi yawa ta zube ƙasan kasko ta ƙone, man ya yi baƙi da ɗaci, kuma wannan man ne ake ɗiba cokali ɗaya a zuba kan acake, don haka duk kwanon ya ɓaci. Kullum da yamma a tace shi da rariya. Da ya fara kumfa ko hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Wasu na ci gaba da shi saboda tsadar bidon mai, sai masu saye su koma teburin gaba ba tare da sun ce komai ba.

Abin da ya fi wannan hatsari: ton ba ya jimre zafi. In ƙanƙararsa ta narke aka bar shi a fili, yakan tara wani dafi da suya ba ta kashewa. Mai ci sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani lokaci tun bai bar wurin ba. Ga ɗauke wuta, firigo ba abin dogaro ba ne. Gara a saro na yini guda, a binne shi cikin ƙanƙara, a riƙa cirowa kaɗan-kaɗan.

Sauran kayan ɗanyu ne: albasa, tumatir, tonka, da magi da ake murmushewa a kai. Albasarmu ta Galmi tana zuwa har nan, kuma ta fi jimre ajiya in an shimfiɗa ta inda iska ke shiga. Cikin buhu a ƙasa, damshin garin nan ruɓar da ita yake yi. Mai saye zai ce acaken dala 20 ko 40, sannan ya zaɓi gunduwarsa da cokali mai yatsu. Ribar a wuƙa take: in gunduwa ta yi girma ka yi asara, in ta yi ƙanƙanta a wuce ka.

Da dare kuma maki ne ke ci, wato rumfunan abinci masu kiɗa. Gasasshen kifi suke yi, karfasar lagun ko kifin teku wanda masunta, yawancinsu Fanti ƴan Gana, ke fitowa da shi. Kafin a gasa maka, ka ɗaga murfin kunnensa: ja ya kamata ka gani, ido garau, nama in ka danna ya dawo. Ana tsaga shi sau 3 kowane gefe, a cusa citta da tafarnuwa da tonka da lemun tsami, a gasa kan garwashin da toka ta rufe. Tun 2023 ana hana masu kwale-kwale shiga teku cikin watan Yuli don kifi ya hayayyafa, sai kuɗinsa ya hau. Akwai aloko, soyayyar agada da ta nuna. Akwai kejenu, kaza cikin tukunyar ƙasa da albasa da tumatir, a rufe bakin da ganyen ayaba, ba a zuba ruwa, ba a buɗewa, girgizawa kawai ake yi. Da safe falakali ne, tuwon rogo mai tsami da miyar ƙwarar manja ko kuɓewa, da ganda da ƙaguwa. Sai dai maki da yawa giya suke sayarwa, wasu har naman alade da na daji, don haka Musulmi tambaya yake yi kafin ya zauna. Naman da hankali ke kwanciya da shi na masu cukuya ne, wato gasasshen nama, mutanenmu.

Shawarata, Auta ya fara zama yaron wani, yana yanka albasa yana wanke kwano, har ya iya yankan kifi, kafin a sayar da ko akuya don jarinsa. Kuma ku gaya masa tekun Basam ba tafkin Tabalak ba ne, igiyarta na janye har waɗanda suka iya ruwa.

Inna, busasshen acaken da na aiko ta hannun ɗan garinmu, ga yadda za a yi. Kofi 1 na acake, kofi 1 na ruwa mai ɗumi, ko ƙasa da haka kaɗan. A rufe minti 10 ya sha, a warware da hannu, a turara cikin madambaci minti 10 zuwa 15, a sa mai cokali 1. Kada a dafa shi cikin ruwa, caɓewa zai yi. Tunda babu ton a Tawa, karfasa ta wadatar, amma ita a sa mata gishiri. Da soyayyen naman layya ma yana tafiya.

Mu a nan namanmu ba ya shanyuwa, iskar jiƙe take, kwana ɗaya ya yi wari. Soya shi muke yi har ruwan ya ƙone, mu bar shi cikin kitsensa. In wani zai taho bayan Sallah, a ɗan ƙullo mini kilishi da cuku da garin kuka. Kuɗin goron Sallar yara na wajen Yaya.

Wassalam, ɗanku da ke Basam.