Takardar koke kan ruwan da ke tasowa ƙarƙashin gidajen kwarin Gunti Yena

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Birnin Yamai,
ta hannun masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne magidanta, magina da masu garka da ke zaune a gangaren kwarin Gunti Yena. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne yadda ake yanka filaye ana sayarwa, ana gini, ana haƙa shadda, babu mai duba irin ƙasar da ke ƙarƙashi.

Kowane magini ya san ƙasar Yamai ba iri ɗaya ba ce. A kan tudu rairayi ne a sama, marmara a ƙasa. Sai an sha wuya da diga kafin a fitar da tushe, amma gini in ya zauna ya zauna. A Harobanda, ƙetaren kogi, laka ce ta fadama, kuma ba wanda ya manta Satumbar 2020, sa'ad da kogin Isa ya kai mita 7, ya fasa madatsa, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye. Mu namu ruwan ba daga kogi yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa. Rairayin da muke kai ba shi da kauri, ƙarƙashinsa yumɓu ne da ba ya barin ruwa ya wuce. Ruwan damina, da ruwan wanka da wanki na unguwannin sama, da na bututu masu yoyo, duk nan suke kwanciya. Gari na ƙara faɗi, ruwan na ƙara hawa.

Ko da tsakar rani za ka tarar bangonmu a jiƙe har gwiwa, farin gishiri ya feso masa, in ka goga yatsa siminti ya zubo kamar garin masara. Ginin ƙasa kuwa ba a magana. Mai haƙar shadda tun ramin bai kai masa ƙirji ba ruwa ya fara tsattsafowa, gari na wayewa ya zama rijiya.

Nan ne babban ciwon, ranka ya daɗe. Shadda da gologo ba sa aiki sai da busasshiyar ƙasa da za ta shanye ruwan ta tace shi. Ma'aikatan tsafta suna cewa a bar kamar mita 2 tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa, a kuma nisanta shi da rijiya mita 30. To a fili mai murabba'in mita 300, ga maƙwabci dama da hagu, ina mita 30 za ta fito? Mai hali ya kira motar kwashe shadda, kafin mako ya zagayo ramin ya sake cika, ashe ruwan ƙasa ya biya kuɗi aka kwashe. Marar hali kuma, ba za mu ɓoye maka ba, cikin dare yake yashewa da bokiti ya tura kwari. Wannan ruwan ne ke gangarawa garake, inda ake ban ruwan salati da shu da karoti, su kuma ƙare a kasuwannin gari. Salati ɗanye ake cinsa, balle da azumi.

Abin takaici, ƙasar da ta ƙi gini ita ce ta fi karɓar shuka: ga danshi, ga ruwa kusa, ba sai an haƙa mai zurfi ba. Amma sai a cike garka da shara da ɓaraguzai, a kafa mata turaku, a sayar. Kuma mai sayar da fili a Maris ko Afrilu yake kai mutum ya gani. Ba mu taɓa jin wanda aka kai a Agusta ba.

Saboda haka muna roƙo a sa masana su auna ƙasar da zurfin ruwanta unguwa-unguwa. Ba sai an nemo su daga waje ba, Jami'ar Abdou Moumouni tana da masu ilimin ƙasa da ruwa, INRAN ma, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, tana da ɗakin gwajin ƙasa. In an zana taswirar, a liƙa ta a ofisoshin gundumomi 5 na birni, kowa ya gani kafin ya ba da kuɗinsa. Kafin nan a dakatar da yanka sababbin filaye a cikin kwarin, a bar wa masu garka wurinsu.

Mu da muka riga muka gina, ba mu da inda za mu koma. A yashe mana magudanan ruwa tun kafin Yuni, don ba a fafe gora ranar tafiya, a kuma nuna wa maginanmu yadda ake gina shadda rufaffiya mai tudu, wadda ba ta haɗuwa da ruwan ƙasa. Muna kuma roƙon ka turo wakili ya zaga unguwar da ƙafa, mu za mu yi masa jagora gida-gida.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Daga magidanta, magina da masu garka na gangaren Gunti Yena, Yamai.