Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Wutar Lantarki kan dam ɗin Mambilla

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Agege, nan Legas. Ba sai an faɗa mini darajar wuta ba. Kullum kafin in taɓa keke sai na ɗauki jarka na nemo man janareta, da dare kuma yarana kan yi barci ne cikin hayaƙi da ƙara. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen aikin dam ɗin Mambilla, wanda tun farko aka tsara zai ba da megawat 3,050, raina kan yi fari. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

A Burazil an gina dam ɗin Belo Monte a kan kogin Xingu, cikin dajin Amazon, mai megawat sama da 11,000. An tashi mutane aƙalla 20,000 daga muhallinsu. An karkatar da yawancin ruwan wani sashen kogin mai kusan kilomita 100, kifi ya rasa wurin ƙyanƙyasa, masunta suka shiga halin ni 'yasu. Da rani kuwa ruwa kan ja baya har yawancin injinan su tsaya. Madatsar Balbina, ita ma a Burazil, ta fi ban takaici: daji sama da murabba'in kilomita 2,000 ta haɗiye saboda megawat 250 kacal, itatuwan suna ruɓewa a ruwa suna fitar da iskar da ke ɗumama duniya.

Mu ma ai mun ɗanɗana. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Akwai wata gwaggo a layinmu mai sayar da busasshen kifi, 'yar ƙasar Yawuri. Har yau idan ta tuna fadamar mahaifinta da makabartar kakanninta da ruwa ya shanye, sai ta yi shiru ta share ido da gefen mayafi. A dam ɗin Bakolori kuma, a 1980, manoma suka fito neman diyya aka buɗe musu wuta.

Roƙona, ranka ya daɗe, kafin a toshe kogin Donga don dam ɗin Mambilla, a bi gida-gida a ƙirga manoma da makiyaya da masunta. A karanta musu sakamakon binciken muhalli da Fulatanci da Hausa da harshen Mambila, a gaban hakimansu. Diyya ta shiga hannu, sabon matsuguni ya samu rijiya da makaranta, sannan a fara tara ruwa. A kuma rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki wa mutanen ƙasa da dam, da rani da damina.

Naka,
Wani tela, Agege, Legas