Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni ko hannun maigidanta ya gama dawowa

Assalamu alaikum Hajiya. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Ranar da kika bugo waya a shirin lafiya na rediyo lokaci ya riga ya ƙure, na ba ki amsa a gurguje, kuma tun ranar abin yake raina. Kin ce wata takwas ke nan da Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, yana takawa da sanda amma hannun ya ƙi. Kin ce an gaya miki idan aka wuce wata shida shi ke nan, abin da bai dawo ba ba zai dawo ba. Sai kika tambaya: ku daina kai shi gashi ku haƙura, ko ku sayar da fili ku fitar da shi waje inda ake da injuna? Na rubuto a fili ne domin gidaje da yawa suna kwana da wannan tambayar.

Kada ku daina, kuma kada ku sayar da filin.

Maganar wata shida tana da tushe. Ƙwaƙwalwa ta fi saurin gyara kanta a watannin farko, kuma mafi yawan sauƙin da ke zuwa da kansa yakan zo cikin wata uku. A 2021 an buga wani ƙaramin bincike na Amurka mai suna CPASS, mutum 72, inda aka ƙara wa marasa lafiya sa'a 20 ta atisayen hannu a lokuta daban-daban. Waɗanda aka ƙara wa tsakanin wata na biyu da na uku su suka fi amfana. Saboda haka ba zan ɓoye miki ba, lokacin da ya fi albarka ya wuce. Amma ƙofar ba ta rufe ba. A asibitin Queen Square da ke Landan, Farfesa Nick Ward da abokan aikinsa sun ba mutum 224 atisayen hannu na sa'a 90 cikin mako uku, kuma rabinsu sun kai ko sun haura wata 18 da ciwon. Hannayen sun ƙara aiki, kuma da aka sake duba su bayan wata shida sauƙin yana nan. A 2019 aka buga wannan. Ba su da rukunin da aka bari ba atisaye don a kwatanta, don haka ba hujja ce da ta gama magana ba, sai dai ta yi daidai da abin da nake gani da idona a ɗakin gashi.

Ki lura da adadin, sa'a 90. A nan ne zancen yake, kuma a nan nake so in daɗe.

A 2009 wata mai bincike a Amurka, Catherine Lang, ta sa aka zauna ana ƙirga sau nawa mai shanyewar jiki yake amfani da hannunsa a zama ɗaya na gashi. Aka samu kimanin sau 32. A gwajin da ake yi da dabbobi kuwa, sai an maimaita motsi sau ɗaruruwa a rana kafin a ga ƙwaƙwalwa ta buɗe sabuwar hanya. To mu da muke ganin mara lafiya sau ɗaya ko biyu a mako, bayan ya sha layi tun safe, ya samu minti talatin ko arba'in, me muke tsammani? Sau da yawa idan aka ce hannu ya tsaya, maganin ne bai kai ba, kamar a ba mai zazzaɓi kwatan ƙwaya a ce ba ta aiki. Shi ya sa a 2023 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ɗaga shawararta kan atisayen mai shanyewar jiki daga minti 45 zuwa aƙalla sa'a uku a rana, kwana biyar a mako, ga wanda zai iya.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin gida, wanda nake faɗa da girmamawa domin daga ƙauna yake fitowa. Na taɓa zuwa duba wani dattijo a gida. Ana kawo tuwo ya miƙa hannun da ya shanye, yatsun suna rawa, bai kai ga kwanon ba 'yarsa ta riga ta gutsuro loma ta kai masa baki. Buta, wani ke zuba masa. Hula, wani ke ɗora masa. Maɓallin riga, matarsa. Kowa yana neman lada, hannun kuma yana kwance a cinya daga safe har dare. Masana suna kiran wannan koyon rashin amfani: hannu ya gwada ya kasa, sai mutum ya koma wa mai lafiyar, ƙwaƙwalwa ta manta da wancan ko da ƙarfin ya fara dawowa. Binciken EXCITE na 2006, mutum 222 da suke tsakanin wata uku zuwa tara da ciwon, kamar Alhaji ke nan, ya gwada akasin haka. An sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri mafi yawan yini, aka tilasta wa mai ciwon aiki har sa'a shida a rana na mako biyu. Sun fi waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, kuma bambancin bai gushe ba bayan shekara. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance yana iya ɗan ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu ko kaɗan ne. Wannan shi ne abu na farko da nake so a duba wa Alhaji.

Injuna fa? An gwada. A Birtaniya, binciken RATULS na 2019 ya ɗauki mutum 770, aka ba wasu atisaye da na'urar mutum-mutumi mai motsa hannu, kuma ba su fi sauran samun aikin hannu ba bayan wata uku. A Amurka, binciken LEAPS na 2011 ya kwatanta injin tafiya mai rataye mutum da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa da likitan gashi ke koyarwa a gida, mutum 408. Bayan shekara sakamakon ɗaya ne, kusan rabin kowane rukuni tafiyarsu ta inganta, kuma na injin sun fi fama da jiri. Akwai sabuwar dabara ta dasa ƙaramar na'ura mai zaburar da wata jijiya ta wuya, wadda gwajin 2021 a kan mutum 108 ya nuna tana taimakawa, amma ita ma tare da atisaye mai yawa take aiki, ga tiyata ga tsada. Kuɗin filin nan, in ma za a taɓa shi, ya fi amfani a kuɗin mota zuwa asibiti da biyan likitan gashi mai lasisi ya riƙa zuwa gida.

Sai dai kada in sa ki ɗauka iyali kaɗai sun isa. A Indiya, inda gidaje suke kama da namu wajen jinya, an yi binciken ATTEND a asibitoci 14, mutum 1,250, aka buga a 2017. An koya wa 'yan'uwa yadda za su yi wa mara lafiya atisaye a gida. Bayan wata shida babu bambanci, kashi 47 cikin 100 a kowane ɓangare sun rasu ko suna dogara da wani. Wannan sakamakon ya dame ni ƙwarai lokacin da na karanta shi, domin abin da muke dogara da shi ke nan a nan. Fahimtata ita ce koyarwar ta yi kaɗan, atisayen da aka yi a gida ma bai taka kara ya karya ba. Aikin gida yana buƙatar mai sani da zai riƙa dubawa yana ƙara wahalarsa duk mako, in ba haka ba sai a shekara ana maimaita abin da hannu ya riga ya iya.

Ga abin da nake roƙonki. Ku koma wurin likitan gashinku ku ce ya auna hannun, ya rubuta abin da yake iyawa yau, ya zaɓa muku ayyuka uku ko huɗu daga rayuwar Alhaji. Jan carbi da hannun dama. Ɗaukar kofin roba mara ruwa daga tabarma zuwa kan kujera. Tsintar wake ɗaya-ɗaya daga faranti zuwa gwangwani. Shafar fuska a alwala. Ki samu littafi ki riƙa ƙirgawa, a raba shi bayan asuba, da hantsi, da bayan la'asar, har a kai ɗaruruwa a rana. Zai gaji, zai yi fushi, wata rana zai ture farantin. Ki bar shi ya huta ku sake. Tausa da man zafi suna sa jiki ya saki, ban hana ba, amma motsin da wani ya yi masa ba ya koya wa ƙwaƙwalwa abin da nasa yunƙurin ke koya mata. Kuma don Allah a gaya wa yara kada su ja shi ta wannan hannun idan za su tashe shi; kafaɗar da ta shanye tana saurin gocewa, ciwonta kuma yana iya tsayar da komai.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano, ya nuna shi ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo wannan ciwo a cikinmu. Kada Alhaji ya ajiye maganinsa don ya ji sauƙi, kuma a riƙa auna shi.

Ba zan yi miki alkawarin hannun zai koma kamar da ba. Idan yatsun ba sa motsi ko kaɗan a wata na takwas, abin da za a samu zai iya zama kaɗan, sai mu karkata ga hana hannun ƙagewa, da ƙarfafa tafiya, da koya wa hagu aiki. Idan kuwa suna ɗan buɗewa, akwai abin nema sosai. Ku yi mako shida kuna ƙirgawa, a sake aunawa, sannan ki sake bugowa a shirin ki gaya mini lambar da ke cikin littafin. A gaishe da Alhaji.

Wassalam,
Ɗan'uwanki, likitan gashin ƙashi